Fuskar Da Ke Jikin Fosta

Shafi na 19

Masu tashina da saƙo tun ban wanke ido ba, ga shi nan, ku sarara min haka. Wadda kuma ta ce na cika ɗora wa Auta laifi, ki karanta wannan tukuna, sai mu yi maganar.

*

Auta ba ta san an kawo fosta ba sai da ta shigo harabar sashensu ta hango 'yan ajinsu sun yi cincirindo a gaban allon sanarwa, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Daɗi ya kama ta, har ta rage tafiya don ta ɗan ja aji kafin su gan ta. Ai dole ta ja. Ita ta zauna ta tsara fostar fim ɗin ban tsoron da ajinsu ya yi na kammala karatu, ita kuma ta yi bangon mujallar ɗalibai da za ta tallata shi. Duka biyun hoto ɗaya ta sa musu: taga a buɗe, haske ta baya, da baƙar siffar wata mace tsaye a ciki, kafaɗa ɗaya a zube, hannu ɗaya a naɗe a ƙirji. Ba fuska ba ido, inuwa zalla. A ƙasa sunan fim ɗin da jan rubutu, Mai Leƙen Taga.

Darakta ne ya fara hango ta. Ɗan ajinsu ne, dogo, mai surutun da in ya fara gara ka nemi kujera, kuma tun da aka ba shi jagorancin fim ɗin sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin kowa. Ya taho baki har kunne yana cewa ta gama da mutane, wai malamin zane da kansa ya tsaya ya daɗe yana kallo bai sami abin kushewa ba. Ya buɗa mata hanya a cikin jama'a kamar wata babbar baƙuwa.

Sai ta gani.

Inuwar babu ita. Fuskar da ke cikin tagar ta fito tarwai, bakin da ya karkace ya koma gefe guda, idon hagun da fatarsa ta sauko ta rufe rabinsa, har da ɗan tabon da ke gefen hanci. Mama ce. Mamanta ce tsaye a tagar kicin ɗinsu da ɗankwalinta ruwan toka, ga jan rubutun nan a ƙarƙashinta yana ɗiga.

Ku dai kun san yadda aka yi, amma bari in tuna wa mai mantuwa. Yarinyar da ta fito a fatalwa a fim ɗin kyakkyawa ce, ga dariya ba ta mata wuya. Duk hodar da aka zuba mata, duk yadda Auta ta juya hotunanta a kwamfuta, ba su ba kowa tsoro ba. Malamin zane ya ce a gaban aji wannan ai tallar man shafawa ce, aka kwashe da dariya. Auta ta koma gida rai a dagule, ga ranar miƙa aiki ta matso. Da la'asar ta fito tsakar gida sai ta hango Mama tsaye a taga, hasken ƙofar baya ya zagaye ta. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama bara tsayuwarta ta canja, kuma tsayuwar nan ce Auta take nema ido rufe. Ta ɗaga waya ta ɗauka, Mama ba ta sani ba. Ta gaya wa kanta siffar kawai take so. Ta shimfiɗa baƙar inuwa a kan hoton, ta ƙara ta kuma ƙarawa, har ta gwada yayanta da shi. Yaya ya leƙa ya ce abin ba kyan gani, ya wuce abinsa bai gane komai ba.

Darakta kuwa bai lura da halin da take ciki ba. Tambaya yake ina ta samo tsohuwar nan, wa ya yi mata kwalliyar, wai irin bakin nan ko manyan masu fim sai sun sha wahala kafin su haɗa shi. Wata daga baya ta ce ita kam ba za ta kwana da mujallar a ɗakinta ba.

"Ba kwalliya ba ce," in ji Auta. "Mamata ce."

Ya yi dariya. Da ya ga ita ba ta yi ba, dariyar ta tsaya masa a wuya. Waɗanda ke kusa suka fara sauke wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi maganar kwana da mujalla ta sulale ta bar wurin. Darakta, mutumin da ba a taɓa jin bakinsa ya mutu ba, ya sa hannu ya fara ɓamɓare fostar daga jikin allo bai ce uffan ba.

Wurin buga takardun ba nisa, bayan makarantar yake. Tare suka tafi da Darakta. Shago ne mai tsawo da warin tawada, kalandu da katuna jibge har kusa da rufi, injin yanka takarda a bakin ƙofa. Baba Mai Inji yana zaune gaban kwamfutarsa da tabarau a kan hanci. Da ya gan su ya washe baki, shi a zatonsa godiya aka zo yi masa.

Auta ta gaishe shi, ta tambaye shi a hankali ina inuwar da ke kan hoton ta tafi. Ya ce au, wannan baƙin? Shi ya ɗage shi. Ya juyo mata da kwamfutar ya nuna mata, ga fayil ɗinta nan a buɗe, taga daban, rubutu daban, inuwa daban, kowanne ana iya ɗaga shi a ajiye gefe.

Nan ta gane kuskurenta. Ƙa'idar aikin ita ce in ka gama sai ka haɗe komai ya zama hoto guda kafin ka kai wa mai bugawa, yadda ba wanda zai iya taɓa maka wani abu a ciki. Auta ta san wannan sarai, ita ce ma mai yi wa 'yan ƙasa da ita faɗa a kai. Ranar ce dai take sauri, ta tura fayil ɗin aikin yadda yake.

Baba ya ce da ya buɗe ya ga baƙi ƙirin, sai ya ce yarinyar nan ta yi kuskure, in ya buga haka tawada za ta jiƙe takarda, mutumin ciki kuma ba za a gan shi ba. Shi ne ya ɗage baƙin, ya ɗan ƙara haske.

"'Yata, na tsufa a aikin nan," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda ya kawo hoto yana so a ɓoye fuska ba. Kowa cewa yake Baba a fito da ni."

Darakta ya sunkuya ya faɗa masa ko wace ce a hoton. Dattijon ya cire tabarau ya riƙe, ya yi ta salati ƙasa-ƙasa. Ya ce zai sake bugawa yau ɗin nan, ba sai sun ce komai ba. Auta ta so ta ji haushinsa ko ta sami inda za ta sauke abin da ke ranta, amma ina, mutumin kirki ne, gyara ya yi mata a ganinsa.

Ta juya ta tambayi Darakta ina da ina aka manna. Ya fara sosa ƙeya. Ya ce na cikin makaranta ba matsala, yanzu zai sa a cire. Mujallar ma an raba kaɗan ne, za a bi a karɓo. Sai dai tun da sassafe 'yan kwamitin talla suka fita da sauran, sun manna a tasha, da bangon makarantar yara, da gaban shagon magani, suka bi babban titin nan har ƙofar asibiti.

Ita ta ba su shawarar titin da bakinta, ta ce ya fi jama'a. Titin unguwarsu ne. A bakinsa Mama ta yi shekaru da shagon ɗinki kafin ta kwanta, babu mai shago ko mai tebur a wurin da bai san fuskarta ba. Kuma yau ranar zuwan Mama gashin ƙashi ce a asibiti. Tun da aka sallamo Mama daga asibiti ba ta yarda ta taka titin nan ba, sai dai mota ta zo har ƙofar gida ta shiga ta rufe fuska da mayafi. An sha lallashi, likita ya yi, Yaya ya yi, ita Auta ta yi har da kuka, sai a satin nan Mama ta ce to, za ta gwada zuwa da ƙafa tunda ba nisa. Yaya har hutu ya ɗauka a wurin aiki don ya raka ta.

Auta ta kira wayar Yaya, tana ta ƙara bai ɗauka ba. Ta sake kira, haka. Ta bar Darakta tsaye yana ba da haƙuri, ta tare mota.

A tasha ta sauka ta fara ɓamɓare fostar. 'Yan kwamitin talla, Allah ya shirye su, ba su taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin na yau ba. Gam suka zuba kamar ba da kuɗi aka saya ba. In ta ja gefe sai ya yage siriri ya bar fuskar daram. Ta koma kankara da makullin gida, tana bin fuskar kawai, sauran ko oho. Masu jiran mota suna kallonta, wani ya ce yarinya ke da mai fim ɗin faɗa kuka yi? Ba ta ko juya ba. Farcenta ya karye, ba ta ji zafin ba sai daga baya.

Da ta kai bangon makarantar yara sai ta tarar an riga ta. An yage fuskar daga fostar, yagar gaggawa, ta sama zuwa ƙasa, irin ta mai tsawo. Ta gaba ma haka. Ta gaban shagon magani ce kawai ba a taɓa ba, don ta cikin gilashin ƙofa aka manna ta. Auta ta shiga ta roƙi mai shagon ya cire, ya cire yana kallonta da wani irin tausayi da ya fi zagi ciwo. Ya ce a gaida Mama, ya ji daɗin ganinta a ƙafa yau.

A ƙofar gida ta sami Yaya zaune a kan dakali. Mutum ne mai sanyi, tun tasowarsu ba ta taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, yau ma bai ɗaga ba. Ya sa hannu a aljihun riga ya fito da takardu a cukurkuɗe ya ajiye a gefensa. Ido ne da baki da ɗankwali ruwan toka, guntu-guntu.

"Wannan ne kika nuna min ranar?"

"Shi ne, Yaya. Amma wallahi na rufe..."

"Na ga kin rufe. Har na ce ba kyan gani." Ya dubi takardun. "Uwata na kalla na ce ba kyan gani. Ke kika sa na faɗa."

Ta durƙusa a gabansa, hawaye ya zubo. Ta fara ba shi labarin fayil da Baba Mai Inji, ya ɗaga mata hannu ya ce ba shi za ta yi wa bayani ba.

"Ta gani?"

Ya ce bai sani ba. A tasha ya fara hango ta farko, sai ya koma ɓangaren bango ya tare da jikinsa, ya dinga jan Mama da hira, maganar tsadar taya, maganar maƙwabcinsu da akuyarsa, duk abin da ya zo bakinsa. In ta tsaya hutawa sai ya ce bari ya duba wani abu, ya yi gaba ya yage ta gaba. Da aka shiga da ita ɗakin gashi ya fito ya bi sauran. Ita dai ba ta ce komai ba, da tafiya da dawowa. Ta gaisa da mutane, har ta tsaya a tsohon shagonta ta duba ɗinkin wadda ta karɓe shi.

"In ba ta gani ba, kada ki faɗa mata," ya ce. "In kuma ta gani, ke kika sani."

Auta ta wanke fuska a famfon tsakar gida kafin ta shiga. Mama tana zaune a bakin gado, ta ninke mayafinta ta ajiye a kan filo. Ƙwallon robar da likita ya ba ta yana cikin hannun hagun, tana matsa yatsun a kansa da hannun dama. Ta amsa sallama, ta ce yau an dawo da wuri, ta tambaya ko ta ci wani abu. Maganar Mama tun ciwon nan a hankali take fita, kalma tana jan kalma, sai ka yi haƙuri ka jira.

Mama ta ba ta labarin asibiti. Likita ya yaba, ya ce yatsun sun fara jin magana. Ta ce wadda ta karɓi shagonta ba ta iya wuyan riga ba har yanzu, amma ba ta faɗa mata ba don kada ta ce baƙin ciki ne. Har dariya ta yi, irin tata ta gefe guda. Auta ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Ta zauna a ƙasa ta cire wa Mama takalmi, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana matsa mata, tana godiya ga Allah a zuci.

"Na ga aikinki a hanya," in ji Mama.

Hannun Auta ya tsaya.

"Jan nan ya zauna a kan baƙin. Ni da na yi shekaru ina haɗa yadi, na san kala in ta zauna."

"Mama..."

"Bari in gama. Kin san maganar ba ta min sauri."

Ta ce tun a tasha ta gani. Yaron nan ya yi ta kare ta da jiki yana zuba mata zancen taya, sai ta ƙyale shi, don ta ga hankalinsa ya fi nata tashi. Kada Auta ta faɗa masa. Ta ce a gaban shagon magani wata ƙaramar yarinya ta dubi takardar, ta dube ta, ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta. Uwar ta yi ta ba da haƙuri, ita kuma ta ce ba komai, yaro ne.

"A jikin gilashi aka manna ta wurin," Mama ta ce. "Na dubi fuskar da ke takardar, na dubi tawa a gilashin. Duk ɗaya ce. Ba ki ƙara min komai ba."

"Na rufe fuskar, Mama. Wallahi na rufe ta gaba ɗaya, ba mai ganewa. Mai bugawa ne ya ɗage, bai sani ba. Ni na yi kuskuren turawa. Ki yafe min."

"Na san za ki rufe. Ni na haife ki." Ta ajiye ƙwallon a gefe. "Amma kafin ki rufe ai sai da kika ɗauka. An ce ki kawo abin tsoro, kin duba ko'ina ba ki samu ba, sai a gida."

Auta ta kifa kai a kan ƙafar da ke cinyarta tana kuka mara sauti. Da Mama ta zage ta, ko ta jefe ta da ƙwallon nan, da ta fi jin sauƙi. Amma muryar Mama ko rawa ba ta yi, kamar tana tambayar inda aka ajiye almakashi.

"Ba fushi nake ba, Auta. Tambaya ce da ni. Tun da aka sallamo ni ke ke min wanka, ke ke ba ni abinci, ke ke goge min baki in ya zuba. Ban taɓa jin kin yi tsaki ba, Allah ya yi miki albarka. Amma ba ki taɓa duban fuskata ba."

"Ina dubawa mana, Mama."

"Kafaɗata kike kallo. Wani lokaci kunnena. Kina zato mai ido ɗaya da rabi ba ta gani? Na ce tausayi ne, yarinya ce, a bar ta. Yau a hanya na fara tunanin ko ba tausayin ba ne."

Daga waje ana jin Yaya yana tara ruwa a bokiti.

"Ɗago ki dube ni."

Auta ta share ido da bayan hannu. Ta ce a ranta wannan ai ba wani abu ba ne, uwarta ce, fuskar da ta fara sani a duniya. Ta ɗago a hankali. Ta wuce gwiwa, ta wuce hannun da ke naɗe a ƙirji, ta kai kafaɗar da ta zube.

Nan idonta ya tsaya cak.

"Ina jira," in ji Mama.